Gaisuwar da Ta Kashe Tarakta

Taraktar Direba ta girmi 'ya'yansa duka, har da babbar. Waɗanda suka san ta da ƙuruciya sun ce ja ce a da. Yanzu kam kalarta ɗaya da tsohuwar tukunyar da aka manta a bayan ɗaki. Shi yana ce mata Giwa. Matarsa, wadda kowa ke kira Iya, Mai Tari take ce mata, don kullum safiya sai ta yi tari uku ta tofar da baƙin hayaƙi kafin ta yarda ta kama aiki.

Abin da kowa ya sani game da Giwa shi ne ba ta tashi da makulli. Ƙarfen da ke tayar da injin, wanda makanikai ke ce wa sitata, ya ƙone shekara goma sha takwas da suka wuce. Aka cire shi aka toshe ramin da murfin gwangwani. Tun daga nan sai an gangaro da ita take tashi. Shi ya sa ba ta kwana ko'ina sai kan tudun bayan gida, hancinta na kallon ƙasa, da dutse a gaban taya. Da safe Direba ya hau, ya fizge dutsen da igiya, ta silalo shiru kamar ɓarauniya, sai ta ɗau gudu ya saki ƙafa, ta yi tarinta, ta kama.

'Ya'yan sun yi magana har sun gaji a kan a sa mata sabon sitata. Amsarsa ɗaya ce: "Injin da ke tashi da makulli ai ko akuya ta tuƙa shi."

Duk baƙon da tsautsayi ya kawo gidan, kafin ruwa ya wuce masa wuya an ja shi tudu. Nan zai tsaya a rana ana yi masa karatu: a taka kuloci, a sa ta a giya biyu, a bar ta ta gangara, a saki ƙafa a hankali. Iya ta ji wannan karatu daga ƙofar kicin har ya fi sunayen jikokinta zama a kanta. Da yamma kuma Bakanike, abokin Direba tun suna samari, ya zo ya kafa sukundireba a jikin injin, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraren cikin mace. Sai su yi ta gardama a kan wata 'yar ƙara da babu mai jin ta sai su biyu.

Doka kuwa ɗaya ce: ba a kashe Giwa a ƙasa. In Direba zai ci abinci a gona, tana kunne. In zai yi salla, tana kunne. Akwai ranar da ya je gaisuwar mutuwa ya bar ta a ƙofar gida tana ruri, mai addu'a yana yi da iyakar ƙarfinsa, jama'a na cewa amin ba su ji me aka roƙa ba.

To, Iya tana da gona, gadon mahaifinta, ba ta miji ba. Gonar ta faro daga wani ɗan tudu ta gangara har cikin kwari, can ƙasa inda ruwan garin duka ke taruwa ya huta. Ƙasar wurin laka ce mai albarka, amma mai taurin kai. In ruwan fari ya sauka sosai, kwana uku take ba mutum. A cikin ukun nan garma na shiga kamar wuƙa a sabulu. Rana ta huɗu ta daskare, ko gatari sai ya yi tsalle.

Bara Direba ya yi wa rabin gari huɗa kafin ya tuna da gonar matarsa. Ya yi wa Tela, ya yi wa Mai Awo, ya yi wa wani da ko sannu bai taɓa zuwa ce masa ba lokacin da gwiwa ta kwantar da shi. Duk inda aka tsaya aka ce Giwa ta yi kyau, ya karkata sitiyari ya shiga. Da ya iso gonar Iya, garma kaɗai ta yi ta ƙara a kan ƙasa kamar ana kankare ƙanzo. Abin da ta girbe ko kaji bai isa ba. Ita da ta saba ba da iri, sai ga ta da ƙwarya a ƙofar matar ɗanta tana cewa a sam mata na tuwo. An ba ta, da fara'a ma, kuma fara'ar ce ta fi ci mata rai. Bana tun kafin hadari ya fara haɗuwa ta zaunar da shi.

"Malam, gonata ce ta farko."

"Ai ba sai kin faɗa ba."

"Bara ma ban faɗa ba. Shi ya sa bana nake faɗa."

Ruwa ya sauka ranar Litinin, irin wanda ke sa kwaɗi hauka. Talata da sassafe Giwa ta gangaro ta yi tarinta ta nufi kwari. A bayanta, a ƙafa, mijin 'yarsu Auta ne ke bi da jarkar mai a kafaɗa.

Mijin Auta malamin makaranta ne, Ticha ake ce masa. Iya ce da kanta ta tsaya masa lokacin da ya zo neman 'yarta, kuma ba don komai ba sai ladabi. Mutum ne da in ya shigo gida har kaji yake ratse wa hanya. Shekara shida yana zuwa duk hutu yana wanke wa Giwa tayoyi, yana goge mata fitilar da ba ta kamawa, yana jiran ranar da za a ce ya hau. Direba bai taɓa barin sa ya taɓa sitiyari ba sai da tsumma a hannu.

Ranar dai cikin Direba ne ya yi masa gardama. Ya ja layi ɗaya daga sama har ƙasan kwari, sai ya ji ba zai kai na biyu ba. Ya cire giya, ya yafito surukin.

"Hau ka zauna. Ka ga wannan ɗan ƙarfen? Totur ke nan. Yana zamewa da kansa, in ya zame ta mutu. Riƙe shi nan, daidai nan. Kada ka taɓa komai, kada ka kalli komai. Yanzu zan dawo."

Ya yi cikin ciyawa yana ɗingishi da sauri.

Daidai nan Iya ta iso da kwanon abinci a ka. Ta tarar da surukinta a can sama, bakinsa har kunne, hannu biyu a kan totur. Da ya gan ta sai murmushin ya ɓace. Ga surukarsa a ƙasa a tsaye da kaya, ga shi a sama a zaune kamar alƙali. Ya sunkuyar da kai iya yadda zai iya, bakinsa ya motsa. Injin na ruri, ba ta ji komai ba.

Nan Iya ta yi abin da har yau ba ta cika son a tuna mata ba. Ta kai hannu bayan kunne ta ce, "Me ka ce?"

Ticha ya saki totur, ya diro, ya cire takalmi, ya durƙusa a cikin laka.

"Ina kwana, Iya."

"Lafiya lau, ɗan nan."

Rurin Giwa ya ragu.

"An tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya Auta da yaran?"

Tuf, tuf, tuf.

"Suna lafiya, suna gaishe ki. Ya ƙafar taki?"

"Da sauƙi."

Tuf.

"Allah ya ƙara sauƙi. Ya muka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji Iya, sai ta ji muryarta ta fita tar, har da kukan tsuntsu a bayanta. Suka dubi juna. Suka dubi Giwa. Wani siririn hayaƙi ya fito daga bututun salansa ya watse.

Direba ya fito daga ciyawa yana riƙe da mazagin wando. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zagaya taraktar sau ɗaya, ya ɗora hannu a kan murfin injin, sannan ya ɗaga kai ya dubi gabas da yamma, kudu da arewa. Ko'ina ya duba hawa ne. A duk ƙasar nan babu wurin da ya kai inda suke tsaye zurfi.

"Shekara goma sha takwas," ya ce. "An yi ambaliya ba ta mutu a ƙasa ba. Maciji ya hau kujerar nan ina kai ban kashe ta ba. Yau gaisuwa."

"Baba, na tuba."

"Da ka ɗaga mata hannu mana."

"Hannu, Baba? Iya?"

Ticha ya faɗi haka da firgici, kamar an ce ya mare ta. Iya ta so ta zage shi, bakin ya ƙi. Ita ta zaɓo shi saboda wannan halin, ita kuma ta ce me ka ce.

Kafin hantsi labari ya game gari. Maza suka cika kwari, waɗanda aka yi wa huɗa bara da waɗanda suka zo kallo. Aka ce a tura. Garmar da ke bayanta ta riga ta zauna a ƙasa, don in injin ya mutu ba abin da ke riƙe ta, sai da aka sa gungume aka ɗaga aka ɗaure ta da igiya. Mutum goma sha biyu suka sa kafaɗa. Giwa ta matsa taku huɗu, su kuma ƙafafunsu suka yi baya taku shida. Tela ya faɗi rub da ciki ya tashi kamar an tsamo shi daga tukunyar rini. Da azahar kowa ya tuna yana da wani uzuri a gida. Abincin da Iya ta kawo wa mutum biyu kuwa, mutum goma sha biyu suka cinye, ta kuma lura da wanda ya fi kai loma alhali bai fi kowa turi ba.

Rana ta biyu ta Bakanike ce. Ya zo da jak na ɗaga mota da dabara. Ya ce a ɗaga tayar baya ɗaya, a naɗe ta da igiya, a sa giya, maza su ja da gudu, injin zai juya kamar janareta. Jak ya nutse a laka. Aka sa katako, katako ya nutse. Aka sa ƙyauren wani kango, ya tsaya. Aka naɗa igiya, mutum takwas suka ja, igiya ta tsinke, mutum takwas suka zube kan juna. Giwa ta yi tari ɗaya, guda ɗaya tak, Direba da Bakanike suka shafe sauran yinin suna gardama a kan ko tarin na mai ne ko na iska. Wani mai motar ɗaukar kaya ya zo ya tsaya a bakin hanya ya leƙa kwarin, ya ce shi ma yana da iyali, ya juya.

Iya tana gefe. Tsugunawa ta yi ta ɗebi ƙasa ta matse a tafin hannu. Jiya in ta matse sai ta dunƙule har da zanen yatsu. Yau gefe-gefe ya fara tsagewa. Gobe ce ta ƙarshe. Ta tuna ƙwaryar bara da fara'ar matar ɗanta, ta karkaɗe hannu ta tashi.

Da yamma ta sami Direba a tsakar gida yana jiƙa gwiwa da ruwan zafi.

"Malam, akwai shanu a garin nan."

Ya yi kamar da bokiti take magana.

"Na ce akwai shanu."

"Gara ta ruɓe a wurin."

Dalili kuwa, shekaru da yawa baya, a tsakiyar kasuwa, gaban mutane, Direba ya ce shanun huɗa ba su da sauran amfani sai a wajen mahauci. Mai Shanu, wanda huɗa da shanu ce sana'arsa, yana tsaye a wurin da buhun dusa a kai. Tun ranar gaisuwarsu iyakarta leɓe.

Iya ta yafa mayafi ta fita. Ta tarar da Mai Shanu a garke yana zuba wa bijimai huɗu harawa, manya, masu ƙaho kamar an zana. Ba ta ce masa komai a kan tarakta ba. Ta tambayi lafiyar matarsa, ko ciwon bayan nan da ya kwantar da ita wata biyu yana tashi. Ta tambayi ɗansu na uku, ta ce tana jin yanzu ya fi ƙarfin goyo, don a wata biyun nan da ta goya shi ma sai da ya kusa karya mata ƙugu. Ta ce yaron har yanzu ba ya son albasa ko ya daina?

Mai Shanu ya ajiye harawa ya sosa ƙeya.

"Iya, na ji. Ba sai kin kai ga albasa ba."

"Ni gaisuwa na zo."

"Gaisuwar gidanku ai mun ga abin da take yi." Ya yi dariya har bijimi ɗaya ya waiwayo. "Zan ja ta. Amma da rana tsaka, ba da duku-duku ba. Kuma ya tsaya gaban mutane ya ce shanu sun cece shi."

"Da hantsi, don ina da huɗa a gaba. Magana kuwa ba zai yi ba, ka san shi. Mutane suna da ido, me za ka yi da bakinsa?"

Ya shiga lissafin yawan idon da za a samu da hantsi ranar da ba kasuwa. Ya ce to.

Washegari kwari ya cika fiye da ranar farko, har da mata a bakin gona da yara a goye. Mai Shanu ya iso da bijimansa huɗu, ya sa musu sabbin igiyoyi, shi ma ya sa riga mai guga. Aka ɗaura sarƙa a hancin Giwa. Sai aka ce wa zai riƙe sitiyari?

Direba ya ce shi dai ba za a gan shi a kan kujerar nan saniya na gaba ba. Ya tafi gindin wata bishiya a ƙasan gonar ya zauna ya ba su baya. Bakanike ya ce shi abokinsa ne, ba zai ci amanarsa ba. Ticha ya ɗan matso, Direba ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "In wannan ya hau, na bar garin." Sauran maza kowa ya shiga duban farcensa.

Iya ta dubi rana, ta dubi ƙasa. Ta tattare zani ta ce wa surukinta ya kawar da kai, ta kama ƙarfe ta hau.

Shekara arba'in da wani abu tana share wa wannan abu ƙarƙashi, ba ta taɓa zama a kai ba. Kujerar ƙarfe ce da tsohon buhu, ta lotsa daidai jikin mutum ɗaya. Daga nan sama ta hango gonarta duka, ta hango har wadda ta ari turminta tun kaka ba ta mayar ba, tana tsaye tana dariya.

Mai Shanu ya yi wa bijimai magana, sarƙa ta miƙe, maza suka sa kafaɗa a baya. Giwa ta yi ƙugi ta fito daga ramin da ta kwana biyu a ciki. A hankali aka fara hawa. Mai Shanu yana tafe yana kiran shanunsa da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, yana satar kallon gindin bishiya. Totur ɗin nan kuwa sai karkarwa yake yana ƙwanƙwasa wa Iya gwiwa. Ta ja shi daidai inda ƙarfen ya goge ya yi fari saboda hannun Direba, ta yage bakin tsumman da ke kan kujera ta ɗaure shi tam, don ya bar ta ta ji da sitiyari.

Da aka kai kan tudu aka juyo da hancin Giwa ƙasa. Bakanike ya ce a sa dutse a gaban taya kafin a kwance sarƙa, sannan a je a lallaso Direba ya zo ya tayar da abarsa. Ticha ya ruga ya kawo wani ƙaton abu ya cusa. Aka kwance sarƙa, aka janye shanu gefe. Abin da ya kawo ɗin hogen laka ne da ya bushe ta waje. Taya ta ɗan jingina da shi, ya ce ruɓus.

Iya ta ga bishiyoyi sun fara tafiya.

Ihu ya tashi ta ko'ina. Bakanike na gudu a gefe yana cewa ta taka birki, na dama, na dama. Wasu na cewa ta yi tsalle, kamar ba su san shekarunta ba. Can ƙasa Direba ya miƙe ya manta da gwiwa, hannu biyu a sama.

"Kada ki taka birki! Gangara ɗaya ce, kada ki ɓata ta!"

Ita kuwa ba ta ma jin su. Muryar da ke kanta ta karatun baƙi ce. Ta miƙa ƙafar hagu ta danne kuloci da duk nauyinta. Ta kama sandar giya ta ja ta inda ta saba ganin Direba yana ja, abin ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya shiga. Ta bar ta ta ɗau gudu har mayafinta ya tashi. Ta ce bismillah ta ɗaga ƙafa.

Giwa ta yi tsalle kamar an tsikare ta. Tari ɗaya. Tari biyu. A na uku baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ruri ya cika kwari.

Ta iso ƙasa ta karya sitiyari, taraktar ta yi kwana ta wuce ta gaban Direba. Yana ɗingishi a gefenta yana haki.

"Madalla. To tsaya in hau. Taka kuloci, ki taka birki, ki cire giya."

"Ban iya ba."

"Yanzu fa kika taka."

"Tayarwa na ji kana koya wa baƙi. Ban taɓa jin ka koya wa kowa tsayawa ba. In na taka ba daidai ba ta mutu a nan fa?"

Direba ya dubi ramin da aka fito da ita, ya dubi Mai Shanu a kan tudu da rigarsa mai guga. Hawa tana tafiya kuwa, gwiwar ba za ta yarda ba, su biyun sun sani.

"Gaya mini yadda ake sauke garma," in ji Iya.

"A ɗaure take. Sai an tsaya an kwance."

Ba a tsaya ba. Ticha ne ya fizgi wuƙa daga hannun wani, ya bi bayan tarakta da gudu ba takalmi, ya yanke igiyar. Garma ta faɗi ta nutse, ƙasa ta fara kifewa baƙa wuluk, da sauran danshinta. Ya biyo gefe yana haki, ya buɗe baki, ga alama zai ce sannu da aiki. Iya ta nuna shi da yatsa, ya rufe.

Ba ta san yadda ake ɗaga garma a ƙarshen layi a juyo ba, ba ta kuma tambaya ba. Zagaye ta kama yi. Ta bi gefen gona ta hau tudu ta gangaro ta sake hawa, kowane zagaye na cikin na baya, kamar saƙar faifai. Direba ya bi ta zagaye biyu yana cewa ba haka ake yi ba, a na uku ya tsaya wuri ɗaya yana jira ta zo wucewa ya faɗi abin da ya tara. "Kin cika zurfi." Ta wuce. Ta dawo. "Ji yadda take kuka, rage mata." Ta wuce. A zagaye na bakwai kansa kawai ya karkatar yana sauraren injin, Bakanike na gefensa shi ma haka.

Rana ta take, 'yan kallo suka ragu. Mai Shanu ya kora bijimansa gida, ransa bai so ba, don tun daga gangarar nan ba wanda ya sake kallon su. Auta ta kawo ruwa, mijinta ya bi tarakta da kofi ya miƙa, rabi ya zube. Ƙugun Iya ya riƙe, hannuwanta suka mutu, haƙoranta shida da suka rage suna ta gaisawa da juna. Ba ta tsaya ba sai bayan la'asar, da zagayen ya ƙanƙance har sitiyari ya ƙi ƙara karyewa. Abin da ya rage a tsakiyar gona bai fi shimfiɗar tabarma ba, wannan kuwa ko da fartanya ta gama da shi.

Nan ta taka kuloci, ta taka birki, ta cire giya, tsaf, injin na ci gaba da rurinsa.

Direba ya iso ya tsaya yana kallon ƙafafunta.

"Kin ce ba ki iya ba."

"A hanya na koya."

Auta da mijinta suka sauko da ita kamar buhu. Ta zauna a kan kunya ta cusa hannu cikin ƙasar da aka kifar, ta matse. Ta dunƙule. Gobe da safe iri zai shiga, nata, ɗan wanda ta killace a rumbunta.

Direba bai hau ba tukuna. Ya zagaya Giwa ya taɓa nan ya taɓa can, ya ga tsumman da ke totur ya yi tsaki, amma bai kwance ba. Sannan ya matso ya tsuguna kusa da ita da kyar, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Ya kika ji ta?"

"Ta karya ni."

"Ba wannan ba. Ita. A hannu."

Iya ta murza kafaɗa.

"Tana ja hagu," ta ce. "Ko ka miƙe ta sai ta karkata. Kana gani na yi ta zagaye ta hagu? Ita ta zaɓa, ni bin ta na yi."

Fuskar tsohon nan ta washe kamar an yi masa albishir da jika. Ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba.

"Bakanike, zo ka ji da kunnenka. Shekara tara ina gaya maka tana ja hagu, kana cewa kafaɗata ce ta karkace. Ga wadda ba ta san komai ba ta faɗa."

"Gonar ce a karkace," in ji Bakanike.

"Gonar ubana lafiyarta ƙalau," in ji Iya.

"A kan laka kowace tarakta tana ja. Sai a kan miƙaƙƙiyar hanya ake ganewa."

"To gobe a kan hanya," in ji Direba. Ya juyo wajen matarsa. "Ke za ki riƙe, shi ya zauna a gefe ya gani. Daga tudu zuwa gada kawai."

Iya ta miƙa wa Auta hannu a tashe ta.

"Sai na gama shuka," ta ce. "Kuma a sa mini matashi a kujerar nan."